Rigar da Kailu Ya Ɗinka wa Sharja

A Filinge, in ka ga abu tsirara, to bai bi ta gaban rumfar Kailu Gajere ba. Wuƙa, tocila, madubi, rediyo, duk abin da ya yi gangancin yini ɗaya kusa da shi, sai ya tashi da riga ta jar fata har da tuntu. Mu da muke katanga ɗaya da shi mun daɗe da koyon ɗauke butocinmu daga bakin ƙofa.

Gajere sunan ubansa ne, amma Kailu ya gaji sunan har da abin da ya jawo shi. In ya zauna a kan buzunsa a kasuwa, sai ka zagaya tulin fatu kafin ka tabbata akwai mutum a rumfar. A wani ƙauye na ƙasar Kurfai aka haife shi, gidan dukanci kaka da kakanni. Ubansa da safe yana ɗinka wa malamai layu, da yamma ya ɗinka wa 'yan bori nasu, da basilla ɗaya, bai taɓa saɓawa da kowa ba. Abu uku ya koya wa ɗansa. Na farko, baduku ba ya tambayar abin da ke cikin laya, nasa shi ne ya rufe. Na biyu, da danshi ake ɗinka fata, don in ta bushe ta kama abin kamar tare aka halicce su. Na uku, abin da aka rufe an rufe shi, ba a komawa a farke. Kailu ya riƙe ukun nan fiye da yadda wasu ke riƙe sallolinsu.

Shekarar babbar yunwa, zamanin mulkin soja na farko, ya sauko Filinge da basilla da wuƙa da matarsa Habsa. 'Yarsu ta fari, Dijatu, tana yaye lokacin, aka bar ta ƙauye wajen kakarta kamar yadda aka saba. Jandarmomi ne suka fara ba shi abinci. Ya ɗinka wa ɗaya kuben bindiga, kuben ya kama bindigar har mai ita ya kwana biyu yana koyon zare ta, amma kyau kam ya yi, sauran duk suka biyo. Daga nan sai rediyo. Duk wanda ya je ci-rani ya dawo da rediyo, kafin ya kai ta gida sai ta biya rumfar Kailu an yi mata riga, da madauri na ratayawa, da 'yan huje-huje a gaba inda murya ke fita. Sau uku bayan nan soja suka sake karɓar mulki, kuma duk sau ukun mutanen Filinge daga cikin rigar Kailu suka ji kiɗan sojan. Shi kansa yana faɗin haka kamar da shi aka shirya.

Daura da rumfarsa akwai shagon Hamani mai gyaran rediyo, wanda daga baya ya koma gyaran wayoyi. Hamani ɗan gwaggon Kailu ne da ta yi aure Damana, wato taubashinsa, kuma shekara ashirin da wani abu ba su taɓa gaisawa da safe ba sai da zagi.

"Bawana ya hito," in ji Hamani. "Yau mi za ka shaƙe?"

"Abin da ka kashe jiya. Ni ka yi mai likkafani."

Game da Dijatu kuwa, nan ne labarin yake. 'Yar fari ce, kuma Kailu mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Da aka kawo ta gari tana shekara bakwai don shiga lakol, wato makarantar boko, sunanta a bakinsa "mutanen ƙauye". Da ta girma ta tafi karatun likitan dabbobi, ta koma "mutanen Yamai". Yana zaune a zaure, tana tsakar gida taku biyar da shi, sai ya ɗaga murya ya ce wa Habsa, "Mutanen Yamai sun ci abinci?" Habsa, wadda tata kunyar ta daɗe da tsufa ta bar ta, takan ce, "Ga su nan, suna da kunne." Duk yaran unguwar nan sun je lakol da jakar Kailu. Dijatu kaɗai ta je da jakar buhu, don kada a ce baduku ya yi wa 'yarsa ta fari gata.

Bazarar shekarar da soja suka sake mayar wa farar hula mulki, Dijatu ta zo gida da ordinata, irin ƙaramar nan da ake naɗewa kamar faifai biyu, wadda mutanen Najeriya ke ce wa kwamfuta. Ta yi wata da watanni tana bin rijiyoyin Sanam da rugagen wajen, tana duba shanu da awaki tana rubutawa, kuma duk abin nan yana cikin na'urar. Littafin kammala karatunta ke nan. Saura babi ɗaya, aikin kwana biyu cur, sai ta hau motar asubar Litinin ta kai Yamai a buga a takarda, ta miƙa kafin azahar. Wanda bai miƙa ranar ba, sai baɗi.

Ita ordinatar ba ta dami Kailu ba, tana da jakarta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sharjar, wato igiyar da ke shayar da ita wuta, mai wani baƙin dunƙule a tsakiya kamar sabulun wanki. Kullum yana ganin dunƙulen nan yashe a ƙasa, ana jan sa a kan yashi, kaji suna taka shi, gefe ɗaya har ya ƙuje an manna masa wani abu. Kwana uku yana wucewa yana kallonsa ta wutsiyar ido kamar wanda ya ga maraya ba wando.

Ranar Alhamis Dijatu ta tafi bikin suna a Bonkuku, sai Juma'a da yamma za ta dawo. Motarsu ba ta gama fita gari ba Kailu ya shiga ɗaki ya ciro wata jar fatar akuya da ya ɓoye shekara da shekaru, wadda ya hana wani babban ɗan kasuwa, ya hana wani ango. Ya jiƙa ta daidai, ya auna, ya yanka. Bai je rumfa ba ranar. Habsa ta leƙo zaure ta gan shi, ta ce, "Maigida, wanga aikin wa ne?"

"Na wani mutum."

"Mutumin ya san an ɗauko mai kaya?"

Kailu ya sunkuya kan aikinsa. Ya yi ɗinki irin wanda sai ka kusanto da ido kafin ka ga zaren, ya zagaye baki da koriyar fata, ya sa ɗan tuntu a kowane gefe inda igiya ke fita. Ya tsaya ya yi tunanin huji, sai ya ga ba dalili. Rediyo magana take yi, dole a bar mata baki. Wannan kuwa tun da ya zo gidan bai ce uffan ba. Ya rufe shi ruf, ya shanya a rana yini guda har fatar ta bushe ta kama shi gam, sannan ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko, har da yadda igiyar ta kwanta.

Dijatu ta dawo ta gani. Ba ta tambayi kowa ba. Habsa ta ce Dijatu ta daɗe zaune a bakin gado tana juya abin a hannu, tana bin ɗinkin da ɗan yatsa, daga baya ta ce wai ƙurar mota ce ta shiga mata ido. Shi kuwa yana zaure yana tambayar ko mutanen Yamai sun sha hanya.

Asabar da safe ta sa a wuta ta zauna aiki. Ba ta lura ba ashe tun da hantsi na'urar ta daina sha, batir take ci, batir ɗin kuma tsoho ne. Kafin azahar fuskar ta yi baƙi ƙirin a tsakiyar jimla. Ta danna, ta cire, ta mayar, shiru. Da la'asar Habsa ta je da kanta ta kirawo Hamani.

Hamani ya shigo da 'yar jakar kayan aikinsa, wadda ita ma Kailu ya ɗinka, ya zauna a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedin gidan inda aka jawo wuta. Kailu ya ɗauko wani takalmi da ba ya buƙatar gyara ya zauna bakin zaure yana gyarawa.

"Ɗiyata, ba ki kwashe aikin cikin kile ba?" in ji Hamani. Kile ita ce 'yar abar nan kamar ɗan yatsa da ake ajiye rubutu a ciki.

"Na kwashe, Baba Hamani, amma tun kafin in tafi Sanam na ƙarshe. Rabin aikin ba ya ciki."

"To. Mu hwara daga bango, don sau da yawa mai laifi shina tsaye ana bugun wanda ka zaune."

Ya zare sharjar ya sa fanka a gurbinta. Fanka ta juya. Wutar gida lafiya lau. Ya bi igiyar da yatsu daga kai har gindi yana lanƙwasawa a hankali, ko ɓera ya ɗanɗana, ko ta karye ta ciki. Ba komai. Ya kifa ordinatar ya zare batir, ya danne maɓallin kunnawa ya riƙe har ya ƙirga talatin da Zabarmanci, wai don ragowar wutar da ta maƙale ta fita. Sannan ya karɓi tsinken tsintsiya wajen Habsa ya sosa ɗan ramin da kan sharja ke shiga, ya hura. Yashi ya fito, ba kaɗan ba.

"Ga Sanam nan kin taho da ita," ya ce. Ya mayar da batir, ya sa wuta. Ɗan haske ya kama a gefen na'urar, fuska ta waye.

Habsa ta yi hamdala. Hamani ya gyara hula ya dubi zaure. "Baduku, ka gani? Aikin masu ilimi. A kawo shayi."

Ba a kai ga kofi na biyu ba hasken ya mutu.

Hamani ya ajiye kofi. Ya kai hannu kan dunƙulen ya janye da sauri, ya sa yatsun a kunne. Sai lokacin ya tsaya ya dube shi da kyau, ya ɗaga shi ta tuntu kamar ɓeran da aka kama ta wutsiya. Ya dubi jar fatar, ya dubi koren bakin, ya dubi zaure. A Filinge ido ya saba da ganin komai cikin fata, shi ya sa ma tun farko bai kawo komai a ransa ba.

"Wagga riga hwa?"

Takalmin hannun Kailu ya tsaya.

"Da ita na saye shi," in ji Dijatu, idonta a ƙasa. "A Yamai."

"A Yamai." Hamani ya jinjina kai. "Lalle mutanen Yamai sun iya ɗinkin Kurhwai. Bawana, zo ka ga inda anka kwaikwaye ka."

"Duniya ta ci gaba," in ji Kailu daga zaure, bai ɗago ba.

Hamani ya bar wasa ya yi mata bayani. Dunƙulen nan aikinsa ya karɓi wutar bango mai ƙarfi ya sassauta ta, kuma garin haka zafi yake yi, jikinsa ne ke fitar da zafin. In zafin ya rasa hanya, akwai abin da ke cikinsa da ke yanke wutar don kada ya ƙone, sai ya huce ya dawo. Ba fitar da yashin ne ya tashe shi ɗazu ba, hutawar da ya yi ce. Yanzu ga bazara, ga riga ba ko huji. In aka ci gaba da matsa masa, wata yankewar ba zai dawo ba.

"Miƙo almakashi, Habsa, minti ɗaya ne."

Dijatu ta sa hannu ta janye sharjar zuwa cinyarta. "A nemi wata hanya, Baba Hamani."

"Wace hanya? Ga hanya a gabanki."

"A nemi wata."

Hamani ya karanta lambobin da ke ƙarƙashin ordinatar ya rubuta a tafin hannu, ya ce akwai wani malamin kolej, Mushe Ibrah, yana da irin na'urar, gobe da safe zai aro tasa. Da zai fita ya tsaya kan Kailu a zaure, ya yi ƙasa da murya.

"Kai, ba ka ji kome ba?"

"Ina aiki."

"Takalmin nan tun ɗazu ƙafa guda kake huda. Ya zama rariya."

Lahadi ranar kasuwa ce. Da sassafe Hamani ya kawo sharjar Mushe Ibrah, sai ga kanta ya fi ramin kauri, ba ta shiga. Lambobinta ma ba su yi daidai ba, ya ce ko da ta shiga ba zai yarda a sa ba, gara a rasa yini da a rasa na'ura. A garin nan lokacin masu ordinata ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, biyu kuma na ofis ne, a kulle sai Litinin. Ya koma shago yana tsaki.

Kailu ya buɗe rumfa kamar kullum. Mutanen Tondikandiya sun zo da wuƙaƙe, Buzaye sun zo da takubba, wata tsohuwa ta kawo laya a naɗe cikin tsumma. Ya karɓa duka ya tara a gefe. Ya ɗauki basilla ya soki yatsansa, abin da bai yi ba tun yana yaro. A ransa yana ta shari'a da kansa. Shi bai ɓata komai ba, ai kariya ya yi. Ubansa bai taɓa farke ɗinki ba har ya mutu. Kuma in ya je ya farke, ya faɗa wa duniya ke nan cewa shi Kailu ya zauna yini guda yana yi wa 'yarsa ta fari ado da fatar da ya hana ango. Hamani kaɗai ya ishe shi har kabari. Wataƙila ma abin ya gyaru da kansa, kayan Nasara ai suna da aljanunsu.

Da hantsi ya yi zafi sai ga Habsa da ƙwaryar fura, ita da ba ta kawo masa fura kasuwa sai ta aiko. Ta ajiye, ta tsuguna kamar mai zaɓen takalmi.

"Mutanen Yamai ba su karya ba," ta ce.

"Sai a ba su."

"Ba su da lokaci. Sun samu dabara. Su sa abin a wuta, su yi rubutu layi goma, in ya yanke su cire su kai shi gindin randa, kan yashin nan mai sanyi, su zauna suna yi mai fifita da mahuci. In ya huce su dawo su yi layi goma. Tun asuba sau tara ke nan. Shafi biyu sunka yi, saura ashirin da wani abu."

Kailu ya jawo wata fata ya hau shafa ta.

"Na ce mata ga wuƙa. Ta ce in ta rasa bana akwai baɗi." Habsa ta ɗauki wani takalmi ta juya shi ta ajiye. "Ta ce wagga riga kuwa shekara ashirin da bakwai tana jiranta, ba ta san ko za a sake yin wata ba. Ni dai fura na kawo."

Ta tashi ta tafi. Kailu ya zauna yana kallon furar har ƙuda ya fara gaisawa da ita. Sannan ya ɗauki 'yar wuƙarsa ta yankan zare, ya goga ta a tafin hannu, ya miƙe ya bar rumfa a buɗe, da kasuwa cike, da Buzu tsaye riƙe da takobi. Tun zuwansa Filinge ba a taɓa ganin haka ba. Hamani ya hango shi, ya ture wayar da yake gyara, ya ce wa mai ita ya dawo bayan azahar, akwai abin da ba ya son ya wuce shi.

Kailu ya tarar da Dijatu durƙushe gindin randa da mahuci a hannu. Ta ji tafiya ta ɗago, ta ga ba zaure ya tsaya ba, ya ƙetaro har tsakar gida. Ta yi sauri ta gyara mayafi. Ya tsaya a kanta, ya buɗe baki, ya waiga neman Habsa da zai bi ta kanta. Habsa ta shige madafa ta juya baya da gangan.

"Ke," ya ce. Kalmar ta fito masa kamar ƙaya. "Miƙo."

"Baba, a bar shi. Yana yi, hutu kawai yake so."

"Miƙo nan."

"Da rigar na saye..."

"Ba Yamai anka yi ta ba. Ni na ɗinka, ranar Alhamis, a zauren can. Ban tambayi abin da ke ciki ba." Ya tsuguna, ya shimfiɗa hannu. "Wanda ya ɗaure shi ka kwancewa."

"A rubuta ranar," in ji Hamani daga bakin ƙofa. "Habsa, kina ji? Ki zama shaida, ni ba a yarda da ni."

Dijatu ta ɗora masa a hannu, amma ba ta saki ba sai da ta ce, "To kada a yanka fatar. A bi ta zaren."

Yanka fatar da numfashi ɗaya ne. Bin zare kuwa, ɗinkin Kailu ne, kuma ya bushe ya kama. Ya zauna a kan tabarmarta, ita a gefe ɗaya shi a gefe ɗaya, yana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, yana karkatar da kaifin waje don kada ya shafi igiya. Zufa na ɗiga daga haɓarsa. Hamani ya jawo turmi ya zauna yana ƙirgawa da ƙarfi, ya kai arba'in da bakwai Kailu ya ce in bai rufe baki ba zai ɗinke shi da danshi. Dijatu ta sunkuyar da kai tana dariya a cikin mayafi, tana riƙe masa gefen fatar don ta buɗe.

Da rigar ta fita, sai ga wani ɗan ƙaramin ido a jikin dunƙulen wanda fata ta rufe. Hamani ya bari ya sha iska, ya goge shi, ya sa a wuta. Idon ya yi kore. Ya ɗora shi a kan duwatsu biyu a inuwa yadda iska za ta bi ta ƙasa, ya ce kada a sa shi kan katifa, kada a rufe shi da zane, kuma in za a naɗe igiyar a yi mata sako-sako, ba ɗaurin guga ba. Suka zauna su huɗu suna kallon koren idon kamar masu jiran wata. Aka yi shayi, aka sha na farko, aka sha na biyu, aka sha na uku. Bai mutu ba.

"Ka ga, bawana," in ji Hamani, "ba ya magana, amma shina numfashi."

"Kai ma haka munka so ka zama," in ji Kailu. Ya kakkaɓe rigarsa ya koma kasuwa, ya tarar Buzun nan na zaune a kan buzunsa yana tsare masa rumfa, ya kuma shanye furar.

Dijatu ta gama babin, ta kwashe komai cikin kile, ta hau motar asuba. Ta miƙa kafin azahar. Rigar kuwa ba ta bar ta ba. Ta sa ubanta ya mayar da ɗinkin gefe uku ya bar baki ɗaya da maɓalli, kuma ta faɗa masa da bakinta, ba ta bi ta kan Habsa ba. Yanzu tana aiki wajen Sanam, a ciki take ajiye allurai in za ta shiga ruga. Makiyaya sun sha taya ta, ta ce ba ta sayarwa ba ce.

Kailu yana nan a rumfarsa, ya ƙara gajarta. Dokokin ubansa uku sun koma biyu da rabi. Duk abin da ka kawo masa yanzu sai ya juya shi, ya kara a kunci, ya tambaye ka, "Shina numfashi?" Ya tambayi mai tocila, ya tambayi mai waya. Ranar nan wani Bafulatani ya kawo wuƙa, ya yi masa tambayar, mutumin ya karɓe wuƙarsa ya fita da baya-baya. Hamani ya yi sati yana ba da labarin.

Sunanta dai har yau bai kama ba. In ta zo hutu yana zaure tana tsakar gida, sai ka ji ta kan katanga yana cewa, "Mutanen Sanam sun ci abinci?" Sai dai yanzu ba ya jiran Habsa. Ita ke amsawa, "Sun ci, Baba." Shi kuma ya ce, "To, a ƙara musu."